Malam Habu, Wanda Muke Tambaya Kafin Shuka

Ranar Talata da hantsi ina zaune a rumfata ta bakin tasha, ina feƙe alƙalami, sai na hango Idi, surukin Malam Habu, yana tahowa da sauri babu ko hula a kansa. Bai yi sallama daga nesa ba kamar yadda ya saba. Sai da ya durƙusa dab da tabarmata sannan ya ce, "Malam Sani, Baba ya cika." Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na sake faɗa, na rufe kurtun tawada. Matan da ke jiran in rubuta musu wasiƙa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya ba tare da na sallame su ba. Da na isa ƙofar gidansa na tarar da zaure ya cika har waje, waɗansu da tokar gona a ƙafafunsu, domin lokacin sharar gonaki ne. Mun yi masa sutura kafin azahar.

Iyalinsa sun roƙe ni in rubuta abin da na sani game da shi, a karanta ranar sadakar arba'in, a kuma aika wa mutanenmu da ke cin rani a Kano da Zariya da Jos, waɗanda labarin ya riske su a can. Na karɓa, ko da yake sana'ata rubuta maganar wasu ce, ba tawa ba. Shekaru da dama ina rubuta wa matan Matameye wasiƙu zuwa ga mazajensu, kuma a duk tsawon shekarun nan babu sunan da alƙalamina ya maimaita kamar na Malam Habu.

Asalinsa mai haƙar rijiya ne. Daga wajen Dawce iyayensa suka taho da shi yana ƙarami, kuma rijiyoyi da yawa da muke sha yau hannunsa ne. Tun a wancan lokaci an san shi da wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa dariya. Duk sa'ad da launin ƙasa ya sake a cikin rami, sai ya ɗebi cikin hannu ya sa a guga, ya ce a jera masa a kan tabarma. Idan ya fito, kafin ya sha fura, sai ya tsuguna yana kallon jerin: ja, fara, mai tsakuwa, mai yumɓu. Ya kan ce, "Wa ya shimfiɗa su haka, kuma wacce aka fara shimfiɗawa?" Babu wanda ke amsa masa, shi kuma bai daina tambaya ba. Wata rana ƙasa ta rufto masa a wata rijiya, aka ciro shi da karaya a ƙugu. Tun daga nan yake ɗingishi, ya bar shiga rami, ya riƙe ƴar gonarsa.

Yana cikin wannan zama ne monita, wato malamin gona, ya zo daga Damagaram da wani gwangwani mai mazurari a baki, da gilashi dogo mai zane-zane a jiki. Ya ce Faransawa suna son a riƙa auna ruwan sama a kowane gari, yana neman mutum mai sammako, wanda ba ya tafiya cin rani, wanda kuma ya iya riƙe alƙalami. Aka nuna masa Malam Habu. Aka kafa gwangwanin a kan gungume a fili, bayan lakwal, wato makarantar boko, nesa da kowace bishiya. Aikin ba shi da wuya. Kowace safiya a lokaci guda ya juye abin da ya taru cikin gilashin, ya duba zanen da ruwan ya kai, ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ya zubar. Ƙarshen wata a aika takarda Damagaram. Monita ya koya masa lambobin Nasara cikin kwana biyu.

A rana ta uku Malam Habu ya tambaye shi, "Mushe, idan takardar ta isa can, me suke yi da ita?"

Monita ya ce, "Suna ajiyewa."

"Su ajiye su yi me?"

Monita ya yi dariya ya hau kekensa. Malam Habu ya gaya mini daga baya cewa tambayar nan ta hana shi sukuni, har ya yanke cewa idan su ba su da abin yi da ita, shi zai nemo. Babu wanda ya ɗora masa faɗin abin da zai faru gobe. Abin da ya riga ya zuba aka ce ya rubuta. Sauran duk shi ya ɗora wa kansa.

A haka muka saba, domin rumfata tana bakin tasha, shi kuma direbobi yake nema. Duk motar gyaɗa da ta tsaya, sai ka gan shi ya ɗingisa ya je, ya gaida direba, ya tambaye shi, "Ruwan shekaranjiya, a ina ya same ka? Da azahar ne ko da la'asar?" Da fari sun ɗauka taɓaɓɓe ne. Daga baya suka saba, har wasu kan fara ba shi labarin kafin ya buɗe baki. Ya tambayi Fulani masu wucewa da shanu, ya tambayi fatake masu raƙuma, ya tambayi matan da ke kawo nono daga ƙauyuka. Wata rana ya zo mini fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malam Sani, ka san hadari tafiya yake yi kamar mutum? Wanda ya duke mu da la'asar, shi ne ya duki mutanen gabas da azahar, shi ne kuma ya isa yamma bayan magariba. Na haɗa maganar direba huɗu. Ya fi doki sauri. Tafiyar mota yake yi, motar da ba ta da kaya." Na ce masa to, sai me? Ya ce, "Sai me? Ashe ba namu ba ne mu kaɗai." Akwai kuma wata tambaya da ya daɗe yana ɗauke da ita: me ya sa iskar damina ke busowa daga kudu maso yamma, amma hadari ya taso daga gabas? Ya tambayi malamin lakwal, ya tambayi wani likita Bafaranse da ya zo yin lambar rigakafi. Kowa ya ba shi amsa, babu wadda ta gamsar da shi.

Waɗanda ba ƴan nan ba ne ya kamata su san abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari a gare mu. Mazajenmu sukan tafi bayan kaka, wannan gini, wannan ga-ruwa, wannan dako, su bar mata da yara da rumbu. Wanda ya dawo da wuri ya bar aikinsa a banza, ya zauna yana cin abin da ya kamata ya kai su kaka. Wanda ya makara ya tarar maƙwabta sun yi shuka, gonarsa tana kallon sama. Saboda haka kowace bazara tambayar matan da ke zuwa rumfata guda ce: in ce ya dawo, ko in ce ya dakata? Ni ban san amsa ba. Wata rana wata daga cikinsu ta juya ga Malam Habu, wanda ke zaune a gefena, ta ce, "Malam, kai da kake kallon sama kullum, me ka gani?" Ya faɗi abin da ya gani, ta ce in rubuta, na rubuta. A shekarar nan maganarsa ta yi daidai. Shekara ta biyu ma haka. Kafin mu ankara, ya zama kowace ranar kasuwa ta bazara, bayan la'asar, mutane sukan taru a gindin tsamiyar ƴan hatsi su ji abin da zai ce, ni kuma washegari in zuba shi a wasiƙu.

Ba kowa ya so abin ba. Wani malami baƙo da ya sauka a garin ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce abin da yake yi ya yi kama da duba, sanin saukar ruwa na Allah ne Shi kaɗai. Malam Habu ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, haka yake, ni ban san gaibu ba. Amma idan na shiga gida na ga an hura wuta, an ɗora tukunya, an tankaɗe gari, na ce wa yara za a ci tuwo, na yi duba ke nan? Kuma na san tukunyar tana iya fashewa." Malamin ya yi murmushi ya ce ya riƙa cewa in Allah ya so. Malam Habu ya ce bai taɓa barinta ba, kuma gaskiya ne.

Sai shekarar da kowa ke tunawa ta zo, ba sai na faɗi wace ce ba. Shamuwa ta iso da wuri ta yi sheƙa a kan kukar bakin kasuwa. Gawo ya fara zubar da ganye. Wata la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Malam Habu ya tarar da abin da bai taɓa gani a gwangwaninsa ba a ruwan farko. Bai tsaya nan ba, ya shiga gonaki uku ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshi har gwiwar hannu. Ya zo rumfata yana haki, ya ce, "Malam Sani, rubuta. Ka ce su dawo, damina ta sauka in Allah ya so."

Na ce, "Ba za mu jira na biyu ba?"

Ya ce, "Duk abin da na sani ya haɗu. Idan muka jira, za su makara."

Kwana uku ina rubutu har yatsuna suka sage. Mata da tsofaffi suka ɗauki sungumi suka fara shuka tun kafin maza su iso. Cikin mako motoci suka fara sauke mutane da ƙunshin kayansu. Aka ƙara wani ɗan ruwa, waɗanda ba su gama ba suka gama. Gero ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, gonaki suka yi kore har ana yi wa juna barka.

Daga nan sama ta washe. Mako guda, mako biyu, babu ko gajimare. Zafi ya dawo kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Ganyen gero ya naɗe, ya yi fari, iska ta binne shi da rairayi. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Da aka doshi wata guda, kowa ya san shukar ta mutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne iri, domin da yawa sun zuba nasu duka a ƙasa, abin da ya rage a rumbu kuwa na ci ne, shi ma ya yi ƙasa.

Da ranar kasuwa ta zo, na je gidansa na ce, "Malam, yau ka zauna a gida. Zukata sun yi zafi." Ya ce, "Ranar da na faɗi daidai na je. Yau ma zan je." Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sandarsa, muka tafi tare. Ban taɓa ganin taro a gindin tsamiyar nan kamar na ranar ba, kuma babu mai murmushi.

Wanda ya fara magana shi ne Mamman magini, mutum mai haƙuri da ba a san shi da ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba Habu, na bar gini a Fagge saboda wasiƙarka. Ubangidana ya ɗauki wani a madadina. Irina duka yana ƙasa. Yanzu me zan gaya wa yarana?"

Malam Habu bai sunkuyar da kai ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Mamman. Ni na faɗa. Malam Sani bai rubuta komai ba sai abin da na ce ya rubuta, kada kowa ya ga laifinsa. Na ga ruwa mai yawa, na ɗauka yawansa shi ne alamar ya zo zama, ashe ba haka ba ne. Nawa irin ma yana ƙasa tare da naka, amma na san wannan ba zai ciyar da yaranka ba."

Wani daga baya ya ce a je a fasa gwangwanin Nasara. Malam Habu ya ce, "Gwangwani bai yi muku ƙarya ba. Abin da ya zuba ya faɗa. Ni na ƙara da nawa." Ina jiran ya roƙi gafara ya tafi, sai na ji ya ce, "Ina da tambaya. Akwai wanda ya san mutumin da bai yi shuka a ruwan nan ba?"

Na rufe ido don kunya, na ce a raina wannan lokacin tambaya ne? Amma wata mai sayar da daddawa ta ce ta ji a wani ƙauye can bayan Icirnawa babu wanda ya taɓa sungumi, wani tsoho ne ya hana su. Malam Habu ya tambayi sunan tsohon, aka ce Baba Tanko. Washegari da sassafe ya ɗaura wa jakinsa akumari, mutum mai karyayyen ƙugu, cikin wannan zafi. Ya bi ta Kance, yana tsayawa duk inda ya ga gona ba a shuka ba yana neman mai ita. Kwana biyar ba mu gan shi ba.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji. Ya tarar da Baba Tanko yana tufkar igiya a inuwa. Bayan gaisuwa ya gaya masa ko shi wane ne da abin da ya jawo wa mutanen garinsu, bai ɓoye komai ba, sannan ya ce, "Baba, na zo ne ka gaya mini abin da ka gani wanda ni ban gani ba." Tsohon ya ce, "Ɗana, ni ban san gwangwani ba. Idan na idar da sallar asuba nakan fita bayan gida in tsaya, in fuskanci kudu. Idan iska ta taɓa ni a wannan kuncin na dama, mai sanyi, mai nauyi, kwana bakwai a jere, to damina ta zo da kayanta. Ruwan nan ya zo ya wuce, iska kuwa tana nan a gabas inda take tun rani. Na ce wa yara wannan baƙo ne, ba ɗan gari ba, kada su ba shi irinsu." Malam Habu ya ce ya kwana biyu a can yana fita tare da tsohon da asuba, yana koyon tsayuwar. Da zai taho, mutanen ƙauyen suka ɗora wa jakinsa dammunan gero na iri, suka haɗa shi da wasu jakuna biyu. Ya rantse mini cewa bai je don iri ba, bai ma yi tunaninsa ba sai da ya ga ana ɗaurawa.

Da ya shiga gida ya zauna yana ba uwargidansa Mariyama labarin Baba Tanko, tana sauraro tana tankaɗe. Da ya gama ta ce, "Malam, ai da ka tambaye ni, da ba ka wahalar da jaki ba."

Ya ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Idan damina ta zo da gaske, gishirina yakan yi laushi a ƙoƙo ya dunƙule. Ƙyauren ɗakin nan yakan kumbura sai na tura shi da ƙafa. A ruwan nan gishiri bai ko motsa ba, wanki kuwa kafin in gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe."

"To, me ya hana ki gaya mini?"

"Ka tambayi direbobi, ka tambayi Fulani, ka tambayi monita. Ni kullum ina nan." Sannan ta shiga ɗaki ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, cike da irin da ta ɓoye ranar da ya ce a kwashe duka a kai gona.

Wani zai binne wannan labari a cikin gidansa. Malam Habu da bakinsa ya ba da shi a gindin tsamiya, ranar kasuwar da ta biyo, yana yi wa kansa dariya har wasu daga cikin masu fushi suka kasa riƙe tasu. Bayan kwana goma iska ta juya, ruwa ya sauka ya zauna. Aka raba irin a ƙofar masallaci, da na ƙauyen da na tukunyar Mariyama, aka fara da Mamman. Ba zan ƙawata ba: bai ishi kowa ba, shukar ta makara, kakar ta zo da ƙaranci. Wasu sun sayar da awakinsu, wasu sun koma cin rani tun kafin a gama sussuka. Akwai waɗanda suka yi shekara ba su amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba, shi kuma bai daina gaishe su ba.

Na zaci zai bar tsayawa a kasuwa. Bai bari ba, sai dai ya sake yadda yake yi. Ya kafa gora mai tsawo kusa da gwangwani, ya ɗaura mata ƙyalle a kai don ya ga inda iska ke bi. Kowace safiya kafin ya fita yakan tambayi Mariyama labarin gishirinta. Maganarsa kuma ta koma kashi uku. Ya kan ce, "Ga abin da na gani. Ga abin da nake zato. Ga abin da ban sani ba." Ya hana ni rubuta ɗaya in bar biyu. Mata suka yi ta ƙorafi cewa wasiƙu sun yi tsawo, kuma maigida yana karantawa ya rasa ko ya taho ko ya zauna. Malam Habu ya ce, "Gonarsa ce. Ni in ba shi idona, shi ya yanke." Ba daga nan ya daina kuskure ba. Akwai shekarar da ya cika jan ƙafa, ruwa ya zauna yana cewa a dakata, mutane suka iso a makare. Ita ma ya tsaya ya amsa ta.

Akwai wata hira da nake son a sani, domin ta nuna mini shi fiye da kowace. Sarja Mahaman, tsohon soja, ya dawo daga aikin soja ta hanyar Faransa, ya zauna a rumfata wata rana yana ba mu labarin abubuwan da ya gani. Ya ce a wani babban birni ya ga akwati mai gilashi a gaba, ana ce masa talabijin, ana ganin mutum a ciki yana motsi yana magana. Ya ce akwai wani mai kwat da ke fitowa ya tsaya gaban taswirar ƙasarsu, da ƙaramar sanda a hannu, yana nuna inda za a yi ruwa gobe da inda ba za a yi ba, kuma wannan ce sana'arsa.

Malam Habu ya matso har gwiwarsa tana taɓa ta Sarja. Ya ce, "Sana'arsa ke nan? Da me yake sani?"

Sarja ya ce an gaya masa suna da mutane a kowane gari masu auna ruwa da iska, suna bugo waya, ana tattarawa a ɗaki guda ana zanawa.

Malam Habu ya dube ni idanunsa suna ƙyalli, ya ce, "Ka ji? Ashe ba ajiyewa kawai suke yi ba." Ya tambayi tsawon sandar, ya tambayi yadda ake zana hadari a takarda, ya tambayi ko mutumin yana cewa in Allah ya so. Daga ƙarshe ya ce, "Idan ya yi kuskure fa?"

Sarja ya ce, "Gobe ya sake fitowa da kwat ɗinsa ya faɗi wani."

"Babu mai tare shi?"

"Ta ina? Yana bayan gilashi. Su suna ganinsa, shi ba ya ganin kowa."

Na zaci zai ce mutumin ya huta. Sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. To, ta ina zai san inda ya kuskure?"

Tari ya kama shi tun lokacin sanyi, bai sake shi ba. Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarsa, na je duba shi bayan la'asar. Na tarar an shimfiɗa masa a zaure kusa da ƙofa, domin ya ƙi ɗaki. Ya rame ƙwarai, amma da ya gan ni sai ya ce, "Malam Sani, ka taɓa tunanin inda hadari ke ƙarewa? Wani direba ya ce har Yamai yana tafiya. Sarja ya ce idan aka yi ta yamma, teku ake tararwa. To, ya je ya zuba ruwa a kan ruwa ke nan? Don me?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai fuskarsa ta sake. Ya ce, "Akwai wasiƙun da nake son ka rubuta mini. Ban taɓa ba ka tawa ba, kullum ta mutane ce." Ya fara lissafa sunaye, mutum bayan mutum, duk waɗanda suka bar aikinsu ko suka rasa irinsu a waccan shekara, har da waɗanda ni na manta. Ya ce, "Ka ce Habu yana neman su yafe masa. Kada ka yi bayani, kada ka kare ni. Haka kawai."

Ranar Litinin na rubuta su duka, na ba direban da zai tafi Kano da safiyar Talata. Ina jin motar ba ta wuce Daura ba Idi ya zo mini da labarin.

Amsoshi sun yi ta zuwa a makonnin nan, na kai wa iyalinsa kowace. Babu wanda ya riƙe shi a zuci. Ta Mamman magini ce ta fi gajarta. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ya ce a rubuta masa: "Mun yafe tun ranar da ya tsaya a gabanmu. Amma Malam Sani, bana wa za mu tambaya?" Ban amsa masa ba tukuna, domin ban san amsar ba. Idi yana koyon karanta gilashin, Mariyama tana takaba, ranar kasuwa uku ke nan ana taruwa a gindin tsamiya bisa sabo, a tsaya kaɗan, a watse.

Ni ma ina neman abin da ya nema. Ya ce kada a ga laifina, amma hannuna ne ya rubuta, kuma na yi shakka a ranar ban tsaya a kan shakkata ba. Duk wanda wasiƙata ta cutar, ya yafe mini tun ina da rai.

Ya Allah, ga bawanka Habu ya zo gare Ka. Ya yi rayuwarsa yana kallon ikonKa yana mamaki, bai taɓa cewa nasa ba ne. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka sa kowane kurɓi da aka sha daga rijiyoyin da ya haƙa ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Mariyama haƙurin rashinsa, Ka raya ƴaƴansa Rabi da Hadiza da jikokinsa cikin rufin asiri, Ka haɗa kansu. Ka dawo mana da matafiyanmu lafiya a kan lokaci, Ka ba mu damina mai albarka. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.